Ashe ba kashin tsuntsu bane a kan lemuna

Kusan sati biyu ina ɗora wa fara laifi. 'Yar bishiyar lemun tsamin da na dasa bara a bayan gida, kullum na fito da safe sai in tarar an cinye sabon toho daga gefe, wani ganyen ma jijiyar tsakiya kawai aka bar min, na duba sama na duba ƙasa ban ga komai ba sai kashin tsuntsu nan da can. Ranar nan na sa tsinke zan kankare ɗaya, kawai sai naga kashi ya motsa!

Tsutsa ce wallahi. 'Yar malam-buɗe-littafin nan ce babba, mai baƙi da ɗigon ruwan ɗorawa, wanda masana ke kira Papilio demodocus. Tana ƙarama kalarta ƙasa-ƙasa da fari, sak kashin tsuntsu, da haka take ɓuya, in ta girma kuma ta rikiɗe kore shar ta saje da ganye. Da na taɓa ta sai ta zaro wasu ƙahoni biyu ja-ja daga bayan kai, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ɓawon lemu, na ja baya babu shiri. Burga ce kawai, bata harbi bata cizo.

Da farko har na ɗauko tankin feshi, sai na ce bari dai in ƙirga. Guda 9 ne kacal, na tsince su da hannu na zuba a ruwan sabulu. Ƙwan ma ana gani in aka sa ido, ɗan ƙulili fari-fari, ɗai-ɗai uwar ke ajiye shi a kan toho, ka murje da yatsa shikenan, amma fa sai ka riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu uku don cikin 'yan kwanaki yake ƙyanƙyashewa.

In sun yi yawa akwai maganin Bt, ƙwayar bakteriya ce dake kashe tsutsa in ta ci ganyen. Ya fi kama ƙananan, kuma da yamma ake fesawa don rana na kashe masa ƙarfi. Mai ƙarfin nan dake share komai ni bana so, har zanzaro da rina yake kwashewa alhali su ke taya ka farautar tsutsar kyauta.

Akwai kuma wata mitsitsiya dake shiga tsakiyar ganye tana zane fari-fari kamar sawun dodon koɗi, ganyen ya nannaɗe. Ita Bt baya isa gare ta sosai tunda a ciki take, ni dai rage takin zamani nayi don yawan toho ne ke kiranta. Babbar bishiya duk wannan baya tada mata hankali, dashe ne abin tausayi.

Ɗaya dai na ƙyale a kan tsohuwar bishiyar lemun zaƙi, jiya naga ta ɗaure kanta da zare a jikin reshe ta daina motsi.