Godiya ga dattawan bakin Gulbin Maraɗi

Alhamdulillahi. Ran Asabar na kare kundin bincikena gaban malamai a Yamai, kuma sun amince da shi. Sunana ne a bango, amma abin da ke ciki naku ne, iyayena na Maraɗi da Tsibiri da ƙauyukan bakin gulbi.

Shekara uku ina sallama gida-gida, ina tambayar al'adun Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya: buɗin daji, bori, da yadda kakanninmu suka ɗauki tsarin duniya. Wasu sun ce arnanci nake son tonowa, suka hana ni tabarma. Ban riƙe su ba. Ni ma Musulmi ne, na san abin da suke gudu.

Baba, kai da ka zaunar da ni gindin gawo, ka zana gabas da yamma, kudu da arewa da sandarka a ƙasa, ka nuna mini lamba uku ta namiji ce, huɗu ta mace, bakwai kuwa haɗuwarsu. Na taɓa karanta haka a aikin Guy Nicolas, Bafaranshen da ya yi bincike a kwarin nan a shekarun 1960, amma sai ran nan ya zauna mini. Allah ya ƙara maka lafiya.

Wadda ta fi tsaya mini a rai Kaka ce. Tana ƙarama ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke kwari, Faransawa suka maida mutane kan tudu, suka yanka tituna a miƙe. Takardun Nasara gidaje suka ƙirga, da masu biyan haraji. Ita kuwa itatuwan da aka baro a kwari ta lissafa mini, da tsamiyar da uwarta ke kai wa aljana Doguwa sadaka, tana faɗa tana share hawaye. Babin mulkin mallaka kusan duka daga bakinta ya fito. Ta rasu bara da damina, ba ta ga ƙarshen aikin ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na gode wa masu tarihin fada, da suka warware mini zuwan Katsinawa bayan faɗuwar Katsina a 1807 da zamanin Ɗan Kasawa, sarkinsu na farko a Maraɗi. Haka ɗan kabu-kabun da ya sha yashi da ni, da uwargida da ta riƙe gida.

Da Faransanci aka rubuta kundin, galibinku kuwa ba ku yi lakkol ba. In Allah ya kai mu kaka, bayan an gama girbin hatsi, zan zo in karanta muku shi da Hausa, ku gyara mini inda na yi kure.