Daga Shikago zuwa mahaɗar George Floyd

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Shikago da hantsi ya nufi St. Paul, maƙwabcin Miniyapolis a jihar Minnesota, sunansa Borealis, kuma a watan Mayun 2024 ya fara jigila. Shi na hau a watan Yulin wannan shekarar. Tafiyar wajen awa bakwai da rabi ce. Bayan Milwaukee sai gonakin masara na jihar Wisconsin iya ganinka, ba ka ganin ko mutum ɗaya a ciki, sai rumbunan ƙarfe dogaye suna ƙyalli. A La Crosse jirgin ya tsallaka kogin Misisipi, daga nan ya bi gaɓarsa ta Winona da Red Wing. Wanda zai yi wannan tafiya ya nemi kujerar da ke kallon ruwa, ya kuma riƙe guzurinsa, don abincin cikin jirgin sai dai a ci don kada yunwa ta yi illa.

'Yar ƙanwata ce ta tarye ni a tasha. Karatu take yi a Miniyapolis, kuma tun kafin na taso ta tsara inda za ta kai ni. Na ce mata ni zumunci na zo, bidiyon mutuwar George Floyd kuma na gan shi kamar kowa, ba na marmarin ƙari. Ta ce, "Kawu, mutuwarsa ka gani. Ba ka ga abin da mutanen unguwar suka yi da ita ba."

Washegari muka ɗauki tasi. Direban ɗan Somaliya ne, da ya ji sallamata sai hira ta ɓalle. Shi ya gaya mini cewa tun 2023 hukumar birnin ta yarda a riƙa kiran salla da lasifika duka lokuta biyar, har da asuba. Ya bi da mu ta titin Lake, ya nuna mana ofishin 'yan sandan da aka ƙone a daren 28 ga Mayun 2020, yana nan a rufe, sannan ga filaye a tsakanin shaguna inda gine-gine suka ƙone ba a sake tayar da su ba. Ya sauke mu a ɗan nesa, ya ce idan mun gama mu kira shi.

Wurin mahaɗar titi na 38 ce da titin Shikago. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa, don bai fi wata mahaɗa a Sabon Garin Zariya ba. A tsakiya akwai dunƙulallen hannu na ƙarfe a tsaye, an kewaye shi da shuke-shuke har ya zama shataletale. Gefe guda tsohon gidan mai ne da ba ya sayar da komai, jikinsa duk rubutu. Daura da shi kantin da ake kira Cup Foods a da, yanzu Unity Foods. A nan ne ranar 25 ga Mayun 2020 aka kira 'yan sanda kan zargin George Floyd, mai shekara 46, ya sayi sigari da jabun takardar dala 20. A bakin titin nan ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa tsawon minti 9 da daƙiƙa 29. An kewaye daidai wurin, an zana siffar mutum kwance da fukafukai a kan kwalta, ga furanni da 'yan tsana da takardu da rana ta ƙoɗar.

Zanen da duniya ta sani yana jikin bangon kantin ta ɓangaren titi na 38. Kwana uku bayan rasuwar aka yi shi, cikin yini guda. Xena Goldman da Cadex Herrera da Greta McLain ne suka jagoranci aikin, wasu suka taya su. Na matsa kusa har ina ganin layin bulo a ƙarƙashin fentin. Bangon shuɗi ne, Floyd a tsakiya daga ƙirji zuwa sama, yana kallon mai kallonsa, fuskar a natse. A bayan kansa akwai babban fure mai kama da rana, kuma a cikin baƙin tsakiyar furen an jera sunayen wasu baƙaƙen fata da suka mutu a hannun 'yan sanda, da farin fenti, ƙanana, sai ka kusanto za ka karanta. Sunansa kuma ya cika bangon hagu da dama da manyan haruffa, a cikin kowane harafi akwai 'yan mutane sun ɗaga hannu a dunƙule. Daga nesa ado ne. Daga kusa za ka ga saurin da aka yi, inda buroshi ya zarce, inda aka sake bi daga baya, don an taɓa watsa wa fuskar baƙin fenti a watan Agustan 2020 aka gyara.

A ƙasan ƙirjinsa an rubuta da Turanci cewa yanzu yana iya numfashi. Wannan jimlar ba ta kwanta mini ba, har yau. Mutumin da ya yi ta roƙo a bar shi ya shaƙi iska, kwana uku kacal, ko kama 'yan sandan ba a yi ba, a ce an riga an sa masa kalmar sauƙi a baki? Na fahimci niyyar, ta'aziyya ce, kuma an ce wani mutumin unguwar ne ya ba da shawarar a rubuta. Amma ni ina ganin haƙuri mamaci ba ya bayar da shi a madadin masu rai. 'Yar tawa ta ce ba ni kaɗai na yi wannan ƙorafi ba, kuma akwai wani da ya fi shi zafi: wasu masu zane baƙaƙen fata na birnin sun yi kukan cewa hoton da ya zagaya duniya ba hannunsu ne ya jagorance shi ba, alhali makokin nasu ne.

Wanda ya fi tsayar da ni shi ne na Peyton Scott Russell, baƙin fata ɗan birnin, wanda ya yi suna a zanen bango da fentin feshi. Fuska ce kawai, tsayinta ƙafa 12, baƙi da fari, babu fure, babu rubutu, babu shuɗin sama. Idanun suna da nauyi, leɓen a rufe. Ba ya roƙonka komai kuma ba ya lallashinka. Na daɗe a gabansa fiye da yadda na yi niyya, har wata mata da ke ban ruwa ga shuke-shuke ta ce in ɗan gusa kada tiyo ya jiƙa mini takalmi.

Ni mutum ne da ya tashi inda ake binne mamaci ranar da ya rasu, a yi zaman makoki kwana uku, a yi addu'a, kabari kuma ba a rubuta masa ko suna. Zanen mai rai kuwa kowa ya san abin da malamanmu ke faɗa a kai, kuma ban bar wannan a tashar jirgi ba. Da muka zauna a kan benci a tsohon gidan man na faɗa mata haka. Na ce mutum ya tafi, me ya sa ba za a bar fuskarsa ta huta ba?

Ta ce, "Kawu, ai ba a bar ta ba. Akwai wanda bai ga fuskar nan a manne da kwalta ba?" Tana nufin bidiyon da Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta ɗauka da wayarta. Ba don shi ba da sanarwar farko ta 'yan sanda, wadda ta ce rashin lafiya ce ta kama mutumin, ita za ta tsaya. Shi ya kai Chauvin ga hukuncin ɗaurin shekara 22 da rabi a 2021. Amma shi ne kuma ya sa miliyoyin mutane ba su san Floyd da wata kama ba sai ta mai shure-shuren mutuwa. Masu zanen, a cewarta, ɗaga fuskar suka yi daga ƙasa suka tsayar da ita. Ban ce ta warware mini mas'alar fiƙihu ba. Sai dai na gane cewa zaɓin da ke gaban mutanen nan ba tsakanin hoto da rashin hoto yake ba. Hoton na nan, tambayar ita ce wanne za a bar wa 'yarsa.

'Yar tawa ta ciro waya ta nuna mini wanda ta fi so, na Breonna Taylor, ma'aikaciyar asibiti 'yar shekara 26 da 'yan sanda suka harbe a cikin gidanta a Louisville ranar 13 ga Maris 2020. Amy Sherald ce ta zana ta, matar da ta zana Michelle Obama, kuma ya fito a bangon mujallar Vanity Fair ta Satumbar 2020. Sherald ba ta taɓa ganin Breonna ba, sai ta tattauna da mahaifiyarta, ta duba hotuna. Ta tsayar da ita cikin doguwar riga shuɗiya mai sirkin kore, hannu ɗaya a ƙugu, fatar kuma launin toka, kamar yadda Sherald ke zana duk mutanenta. 'Yar tawa ta buɗa hoton da yatsu biyu ta kai ni kan hannun hagu. Akwai zobe. Zoben baiko ne da saurayinta ya yi niyyar ba ta, bai samu ba. Ba jini, ba ƙofar da aka ɓalle, zoben nan kawai, kuma ya fi su ciwo.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Kilomita kaɗan daga inda muke zaune, a Falcon Heights, ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa ranar 6 ga Yulin 2016, budurwarsa ta nuna wa duniya abin da ya biyo baya kai tsaye ta Facebook. Henry Taylor ya zana daidai wannan lokacin, Castile a kishingiɗe a kujera, ga hannu da bindiga ta taga, aka rataye a babban baje kolin gidan Whitney da ke New York a 2017. A wannan baje kolin ne kuma Dana Schutz, farar fata, ta kawo zanen gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a jihar Misisipi a 1955, wanda mahaifiyarsa ta dage a bar akwatin gawarsa a buɗe a Shikago don kowa ya ga abin da aka yi wa ɗanta. Na Taylor bai ta da ƙura ba, na Schutz kuwa sai da wani matashi mai zane ya tsaya a gabansa ya rufe shi da jikinsa don kada a gani, wasu har suka nemi a lalata shi. Ban goyi bayan lalatawa ba. Amma na san dalilin fushin: uwa ce ta buɗe fuskar nan, ita ke da ikon buɗewa, kuma wanda ba a yi wa rasuwa ba ya kamata ya san inda zai zauna a gidan makoki. Ɗan sandan da ya harbi Castile kotu ta wanke shi a watan Yunin 2017.

Daga nan muka taka kan titin Shikago zuwa arewa. Sunaye ne a jere a kan kwalta da manyan haruffa masu launi-launi, ka yi ta tafiya ba su ƙare ba, tayar mota da ƙanƙarar hunturu suna cinye su ana sake bi. Na rasa yadda zan aje ƙafa, sai na koma gefen titi. A wani kwari mai ciyawa kusa da nan akwai abin da suke kira maƙabarta, ko da yake ba a binne kowa ba. Matasa biyu ne, Anna Barber da Connor Wright, suka kafa fararen alluna sama da 100 a 2020, kowanne da suna da shekaru da garin da aka kashe mai shi. Akwai Tamir Rice, shekara 12. A nan na tuna da Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai talla a New York, wanda 'yan sanda suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa a 1999, aka kuma wanke su duka. Mu da muke zuwa daga gida mukan ɗauka wannan rigima ta jikokin bayi ce da Turawa. Ɗan sanda ba ya tambayar fasfo kafin ya ga launi.

Abin ya girmi 2020 da nisa. Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, ɗaya daga cikin manyan masu shirya baje kolin zane a duniya, ya fara tsara wani gagarumin baje koli kan makoki da ƙorafin baƙaƙen Amurka tun kafin ya rasu a 2019. Abokan aikinsa suka kammala, aka buɗe a gidan New Museum da ke New York a 2021 da ayyukan mutum 37. Bai san sunan Floyd ba, kuma bai buƙaci saninsa ba kafin ya tara abin da zai cika gidan.

Yawancin zanen da aka yi a birnin nan ma ba a bango yake ba. Da rikici ya ɓarke, masu shaguna sun toshe gilasansu da allunan katako, matasa suka bi su da fenti, da ƙura ta lafa aka fara ɓamɓarewa ana zubarwa. Wata matashiya, Leesa Kelly, ta shiga bin shaguna tana karɓa, ta tara ɗaruruwa a sito, ana fito da su a nuna wa jama'a lokacin tunawa da rasuwar. A mahaɗar kanta masu aikin sa kai ne ke kwashe duk takardar da aka ajiye kafin ruwa ya lalata ta, su busar, su adana.

Da direbanmu ya dawo na tambaye shi ra'ayinsa, sai ya yi 'yar dariya. Ya ce shi yana girmama wurin, amma in tambayi masu shagunan. An rufe mahaɗar ga motoci fiye da shekara guda, sai a watan Yunin 2021 aka janye shingayen, kuma wasu 'yan kasuwar, har da masu kantin da zanen ke jikin bangonsu, sun maka hukumar birnin a kotu a 2023 kan cewa an yi watsi da su, ciniki ya mutu. Hukumar ta sayi tsohon gidan man a wannan shekarar, amma lokacin da na je ana ta jayayya kan ko a mayar da wurin na masu tafiya a ƙafa zalla ko a bar motoci da bas su riƙa ratsawa. 'Yar tawa tana ɓangaren a rufe. Direban yana ɓangaren a buɗe, don shi zagayen yana ci masa mai. Suka yi ta yi har muka iso kasuwar Somaliyawa ta Karmel, inda ya ce a nan ne za mu sami shinkafa da naman akuya da wurin sallar La'asar.