Talata, ni da tsofaffin fayil-fayil

Yau kam sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ake ajiye bayanan ofis a kanta, ce ta cinye min yini. Ko shayi ban gama sha ba oga ya kira wai manhajar lissafi ta ƙi ajiye komai, ina zuwa na buga df -h, umarnin da ke nuna wurin da ya rage, sai ga diski ya cika taf, ko numfashi babu. Ba wani abun mamaki bane, bakof ne, wato kwafin bayanai na ko-ta-kwana, ake zubawa kullum dare a folda ɗaya tun bara kuma babu mai sharewa, kowa na tsoron ya taɓa a ce shi ne.

Toh ni dai ba zan zauna ina danna su ɗaya bayan ɗaya ba. A Linux layi guda ne: find /backup -type f -mtime +30, wato nemo min duk fayil ɗin da rabon da a canja abun cikinsa ya haura kwana 30. Amma fa lissafin find nashi daban ne, awa 24-24 yake ƙirgawa ya watsar da ɓurɓushin, shi yasa fayil mai kwana 30 da rabi ba zai fito ba sai ya cika 31 cif. Abokin aikina na gefe yana ta cewa "malam sa -ctime mana, ai shi ne ranar da aka ƙirƙiri fayil", nace a'a, ko chmod kayi, wato ka canja izinin fayil, ko ka canja masa suna lokacin -ctime zai motsa, bai da alaƙa da ranar haihuwarsa.

Ban sa -delete mai sharewa ba tukuna, na fara tura jerin cikin wani fayil na zauna ina karantawa, kuma wallahi nan ne abun ya bani tsoro. Bakof ɗin satin da ya wuce, sababbi fil, suna zaune cikin jerin wai sun shekara da shekaru. Sai da na duba agogon na'urar na gane, ɗan batirin nan na CMOS, mai riƙe agogo in kwamfuta na kashe, ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai agogo ya koma can baya, duk abun da aka ajiye kafin wani ya gyara lokacin sai ya ɗauki tsohuwar shekara. Shi find ina ruwansa, abun da aka rubuta a jikin fayil shi yake gani. Ga kuma akasin haka, wata tsohuwar folda da aka kwafo daga wani diski da cp ba tare da -p mai riƙe tsohon kwanan wata ba, duk kayan ciki sun samu sabon kwanan wata, tarkacen da ya kamata su fara tafiya sune suka ɓuya.

Na kwashe na satin da ya wuce zuwa gefe da hannu, na kunna timedatectl set-ntp true don agogo ya riƙa daidaita kansa ta intanet, sannan na maimaita layin da -delete a can ƙarshe. A ƙarshe fa, don find daga hagu yake bin umarni, in ka sa shi gaba da -mtime zai share komai kafin ya tambayi shekarun kowa, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono. Diski ya sauka ƙasa da rabi, oga har da "Allah yayi albarka".

Saura cron, mai kunna umarni da kansa a lokacin da ka sa masa. Kowa ƙarfe 2 na dare yake sawa amma mu nan ana kashe janareta da an tashi aiki, in babu wutar NEPA sabar ma barci take, kuma cron baya rama abun da ya wuce shi, don haka na sa 0 12 * * * ya riƙa yi da tsakar rana. Gobe in Allah ya kaimu zan biya kasuwa in sayo sabon batirin CMOS ɗin, wato CR2032, sai kwamfutar akantan ofis mai Windows, ita kuma da forfiles /D -30, mai nemo tsofaffin fayil a can, zan bi ta.