Kyamara takwas na kallo, kwamfuta ba ta ajiye komai

Hoton da kake gani yana motsi a sikirin ɗin CCTV ba shi ne rikodin ba, na gaji da faɗa wa masu shago a Kumasi wannan maganar amma ba mai yarda sai ranar da kaya ya ɓace. Kyamara aikinta ta turo hoto, ajiyewa kuma aikin kwamfuta ne da had-dis ɗin da ke cikinta, kuma ɗaya zai iya mutuwa ya bar ɗayan yana ta aiki lafiya lau wata da watanni ba wanda ya sani.

Wani sito ne na sari a Aboabo, shinkafa da mai da sukari, mai shi dattijo ne abokin marigayi babanmu. Katan-katan na mai suka yi ƙafa a wani dare, da safe aka taru gaban kwamfuta za a ga ɓarawo, aka buɗe wajen duba na baya sai wayam, babu na daren babu na satin ma gaba ɗaya. Ya kira ni yace ɗana zo ka duba min wannan abin, kuɗi na zuba a ciki amma ashe ado na saya. Nace Baba Alhaji gani nan zuwa, amma dan Allah kar kowa ya kashe ta kar kowa ya taɓa komai.

Irin tsohon tsarin nan ne na kafin ƙananan akwatunan DVR, masu aikin rikodin kyamara kawai, su cika kasuwa, kwamfutar tebur ce hom-yus, wato ta hannu, mai Windows 7, an soka mata katin kyamara a ramin PCI, wayoyi takwas masu kan BNC, kan ƙarfen da ake jona wayar kyamara da shi, sun fito ta bayanta sun bi silin. A ƙarƙashin teburin akawu take tsakanin buhun takardun rasit da wata tsohuwar fanka. Hoto na zuwa, bakwai cikin takwas suna nunawa da rana, shi yasa kowa hankalinshi kwance.

Ni kafin na kwance ko sukuru ɗaya agogon da ke ƙasan sikirin na fara kalla, kuma nan abin ya fara fitowa, kwamfutar tana cewa muna watan Janairu 2010. A jikin madabod, babban allon da ke cikin kwamfuta, akwai wani ɗan batir zagayayye kamar kwabo, CR2032, folt 3 ne, shi ke riƙe lokaci da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi, in babu wuta. Nashi ya mutu tuntuni. To duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita agogo sai ya koma ranar da masana'anta suka sa mishi, ita kuma ba ta kan intanet balle ta gyara lokacinta da kanta. Zaka ce to miye, ai kwanan wata ne kawai. Ba kawai bane. Manhajar da ke rikodin ɗin tana jera fayil ne da kwanan wata, in wuri ya cika sai ta share wanda ya fi tsufa ta rubuta sabo a kai, to ita a lissafinta abin da aka ɗauka jiya mai tambarin 2010 shi ne mafi tsufa, na shekarun baya masu kwanan wata daidai su ne sababbi, sai ta dinga cinye na jiya da shekaranjiya tana lallaɓa na da can da ba mai buƙata. Na buɗe wa Alhaji wani fayil ya ga kanshi da wata hula da yace ya bayar da ita kyauta tun kafin korona, dariya ma ya yi dukda ranshi a ɓace yake. Batirin da ya jawo wannan duka kuɗinshi bai kai na waakye kwano ɗaya ba.

Kuma ko da an samu hoton ɓarawon a ranar, bidiyo mai kwanan watan ƙarya wahala zai ba ka a wajen 'yan sanda, abu na farko da za a tambaye ka shi ne yaushe aka ɗauka. Mu a Ghana ma an sauƙaƙa mana, lokacinmu GMT ne ba a matsar da agogo gaba ko baya kamar Ingila, saiti ɗaya ne ka yi ka manta, in dai batirin na da rai.

Na gwada ko zan ceto wani abu na daren satar, na cire had-dis ɗin na jona a laftof ɗina ta adafta. Babu. Abin da aka share kuma aka rubuta wani a kanshi ya tafi, duk wanda yace maka zai dawo da shi kuɗinka yake so. Amma jonawar ta nuna min wani ciwon, dis ɗin yana wani ƙas ƙas ƙas a hankali in ka kara kunne, na duba lafiyarshi da manhajar CrystalDiskInfo ya nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi kenan, wuraren da suka lalace aka kauce musu sun taru. Dis ne na kwamfutar ofis wanda aka yi don a kunna da safe a kashe da yamma, shi kuma an sa shi rubutu dare da rana shekara da shekaru, ga ɗaukewar wuta tana katse shi a tsakiyar rubutu. Alhaji yace tun lokacin dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, abin ke wurin, kaga kuwa ya sha wuya. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don wannan aikin irin WD Purple da Seagate SkyHawk, su nake sa wa mutane, kuma sabo a leda, dis ɗin CCTV ba abin saye hom-yus bane ko nawa aka rage maka.

Wajen girman dis ɗin muka ɗan ja da shi, wai wanda ya haɗa mishi yace terabait 1 zai riƙe wata uku. Nace Baba kawo biro. Kyamara ɗaya in tana turo megabit 1 a sakan, a kwana tana cin wajen gigabait 11, takwas sun kusa 90, to terabait 1 kwana goma sha ɗaya ne da ɗan wani abu in ana ɗauka ba tsayawa. Muka tsaya a terabait 2, sannan na sa kyamarorin cikin sito su dinga ɗauka sai sun ga motsi, na ƙofa da na wajen lodi kuma na bar su ba tsayawa, dan ni ban yarda da saitin motsi a bakin ƙofa ba, wani lokacin kafin ya farka mutum ya riga ya juya baya.

Da na buɗe murfin kwamfutar kuwa, ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da garin buhuna ta zama kamar bargo a kan fankar furosesa, na fita da ita waje na hure da bulowa, na goge tsohon man zafi na shafa sabo. Fawa saflai ɗin ma na canza dan kan kafasito biyu ya kumbura. UPS ɗin da ke gefe, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, fitilarshi kore ce tana ta ƙyalli, na zare filogi daga bango dan gwaji kwamfuta ta mutu nan take, batirin ciki mai folt 12 ya gama aiki, su dama shekara biyu zuwa uku ne a zafin nan namu. Sannan akwai saiti ɗaya a BIOS da mutane da yawa basa taɓawa, wanda ke cewa in wuta ta dawo kwamfuta ta tashi da kanta. A kashe yake. Ma'ana in aka ɗauke wuta ƙarfe ɗayan dare aka dawo da ita ɗaya da kwata, ba abin da zai ɗauku har sai yaron shago ya zo da safe ya danna, kuma ranar Lahadi ba mai zuwa. Na kunna shi, na sa Windows ta shiga da kanta, manhajar ta buɗe da kanta ta fara ɗauka ba sai an danna komai ba, na hana ta barci. Wannan na gwada shi a gaban Alhaji, na kashe babban suwici na mayar, muka tsaya muna kallo har jan ɗigon rikodin ya fito a kan kowane hoto.

Saura kyamarorin da ke mutuwa da dare, nan ne aikin ya fi min daɗi. Maigadi yace biyu na bayan sito da magariba ta yi sai su fara ƙiftawa, can kuma su yi baƙi, da asuba su dawo, har yaran sun fara cewa bayan siton nan ba lafiya ba. Ba sai ka kwana a wurin ba kafin ka ga wannan. A fuskar kyamara tsakanin ƙananan fitilun akwai wani ɗan ido mai gane haske, na hau tsani na danne shi da babban yatsa, sai kaji ƙat a ciki, fitilun dare sun kama, suna wani ja-ja mai duhu da kyar ido ke gani amma in ka haska da kyamarar wayarka sai ka gansu fau. Yarona na ƙasa yana kallon sikirin ta taga yace Masta ta ɗauke. Na sa mita a bakin wayar wutar ina danne da idon, folt 9 da ɗan kai, alhali a wajen adafta 12 ne cif. Fitilun dare suna jan wuta fiye da yadda kyamara ke ja da rana, waya kuma doguwa ce siririya, wutar na zubewa a hanya. Na kankare bakin wayar da wuƙa sai ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin mai arahar nan da ta cika kasuwa. Ban ja sabuwar waya tun daga ofis ba, adafta na sa musu a kusa cikin akwatin roba daga layin da ke kan UPS, magana ta ƙare, aljanun ma suka tashi.

Ɗaya kuma hotonta na da wasu layuka masu kauri suna hawa sama a hankali, ita an ɗaure ta ne kai tsaye a jikin kwantena, ƙarfen jikinta na taɓa ƙarfen kwantenar sai wata 'yar wuta ta dinga bin bayan wayar hoto tana zagayawa, wutarmu mai bugu 50 a sakan ita kake gani tana tafiya a sikirin. Guntun katako na sa tsakaninsu. Ta takwas ɗin da ba ta nunawa sam kan BNC ne ya yi tsatsa ruwan damina ya shiga, na yanke na matse sabo na naɗe. Wata kuma an bar tasharta a NTSC, tsarin hoton Amurka, alhali kyamarar PAL ce irin tamu, shi yasa take baƙi da fari tana tsalle, dannawa ɗaya ce. Da yanar gizo-gizo, kar a raina ta, da dare fitilar kyamara na haska zaren ya yi fari tas iska na kaɗa shi, manhaja ta ɗauka motsi ne ta yi ta cika dis da hoton gizo, tsintsiya mai dogon hannu ce maganinta duk sati.

Abin da ya fi ba ni haushi a aikin ba na'ura bane. Yaran shago sun mayar da kwamfutar wajen cajin waya da kallon fim, filashi na shiga na fita, na tarar da tarkace kala-kala a ciki. Windows 7 kuwa Microsoft sun daina ba ta kariya tun Janairu 2020, kuma ba zan iya ɗaga ta zuwa sabuwa ba dan direban katin nan a kan 7 ya tsaya. Na wanke ta na sake zubawa a wani ƙaramin dis daban, rikodin na da nashi shi kaɗai, na rufe ramukan USB na gaba, na canza faswod ɗin manhajar daga wanda ya zo da ita, aka kira kafinta ya yi mata akwati mai raga da kwaɗo a sama kusa da silin inda iska ke shiga, dan ɓarawon da ya san abin da yake yi kwamfutar zai fara ɗauka in ya ganta a ƙarƙashin tebur.

Babban ɗan Alhaji ya so a jona ta a intanet ya dinga kallon sito a wayarshi daga Accra, nace Yaya ba da wannan ba, tsohuwar Windows mai buɗaɗɗiyar ƙofa a intanet neman magana ne, in ana son haka a sayi DVR sabo a Adum, waɗannan kyamarorin da wayoyin za su hau kanshi ba sai an canza su ba, kuma wutar da yake ci kaɗan ce UPS zai daɗe yana riƙe da shi. Gaskiya ni da nawa ne da tuni na canza, kwamfuta na da ƙofofin lalacewa da yawa. Alhaji yace tunda ta tashi a barta sai bayan sallah a ga yadda kasuwa ta yi.

Sai na koya wa akawun abu ɗaya na rubuta mishi a takarda na manna a jikin akwatin, duk Juma'a kafin a tafi masallaci ya duba agogon sikirin ya gwada da na wayarshi, ya buɗe na daren jiya ƙarfe uku ya ga kowace kyamara ta ɗauka, sannan ya koma baya ya ga kwana nawa ke ajiye, in ya ga ƙasa da sati uku ya kira ni. Katin kuma na faɗa musu a gaban kowa, irinshi ya yi wuya a kasuwa yanzu, na zaga Adum ban samu na ajiya ba, ranar da ya ƙone ko tsawa ta bi waya ta same shi ba gyara, DVR ɗin da ake ɗagawa sai bayan sallah ranar za a saye shi.