Na sayi hita a banza, ashe ɗan ƙaramin sensa ne ya mutu

Har yanzu idan na buɗe durowar kicin na ga tsohuwar hitar injin wanke kwanukan nan, mai ɗumama ruwa, sai raina ya ɓaci, don lafiyarta ƙalau wallahi, ni ne na yi gaggawa.

Injin wanke kwanukanmu tokumbo ne, ya fi shekara biyu yana aiki ba matsala. Kwatsam uwargida ta fara ƙorafi wai faranti na fitowa da maiƙon manja, kuma in ka buɗe ƙofa ba tururi ba ɗumi, ruwan sanyi ƙarara ko da an sa shi a digiri 70. Ni kuwa ban tsaya auna komai ba na yanke hukunci hita ce ta ƙone, tunda wutarmu sai a hankali, yau ta yi sama gobe ta yi ƙasa. Na je kasuwa na biya kuɗin da zai yi mana cefanen sati guda, na kashe Asabar ɗina kaf a ƙasan inji, na kwantar da shi ruwan da ya rage a ciki ya malale kicin, na ɗaura sabuwa, na kunna. Sanyi dai.

Maƙwabcina mai gyaran firji ne ya leƙo ya ce, "Oga, ka ɗora mita a kan tsohuwar kafin ka cire?" Na yi shiru. Muka auna da ƴar mitar gwajin kayan wuta, ta nuna om 26 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tauye wucewar wuta). Hita mai wat 2000 a wuta mai volt 230 kusan haka ya kamata ta nuna, wato ba abin da ya same ta. Aunawar da ba ta kai minti ɗaya ba fa, kuma mitar tana gidana tun tuni.

Shi ya nuna min sensan zafin, ɗan abu ne bai kai ɗan yatsa ba, yana can ƙasa inda ruwa ke taruwa, da wayoyi biyu. Irin wanda ake kira NTC ne, in ruwa ya yi zafi lambar om ɗinsa sai ta sauka, da wannan lambar ce kwamfutar injin ke sanin ko ta kunna hita ko ta kashe. Namu kusan sifili yake nunawa, shi kenan injin a tunaninsa ruwa ya riga ya yi zafi, to me zai sa ya kunna hita? Muka tsoma bakinsa a kofin ruwan ɗumi, lambar ko motsi. Sabon da na sayo kuwa om dubu arba'in da wani abu ya nuna a iska, yana shiga ruwan ɗumi ta fara gangarowa a gaban idona.

Kar ka ɗauki lambata ka tafi da ita, kowane inji da nasa, wani om dubu goma ne. Motsin lambar za ka duba. Ka zare fulogi daga bango tukuna, ka cire wayoyin sensan kafin ka auna, in ba haka ba mita ƙarya za ta yi maka, ka kuma duba bakin wayoyin ko sun yi tsatsa.

Kuɗin sensan bai kai kwatan na hita ba. Na koma wa mai shago ko zai karɓi kayansa, ya ce an riga an ɗaura, ba ya karɓa. Uwargida kuma duk sanda ta buɗe inji tururi ya taso sai ta kalle ni ta ce, "Injiniya, sannu da aiki."