Karatun digiri daga nesa: wuraren da ɗaliban manyan jami'o'i ke tuntuɓe

A babbar jami'a ɗan aji ɗaya kan shiga lacca da mutum ɗari uku ko huɗu, malami bai san sunansa ba har zango ya ƙare. Abin da ke riƙe irin wannan ɗalibi shi ne harabar makarantar kanta: ganin 'yan ajinsa sun saɓi jaka sun nufi ɗakin lacca, da wanda zai tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Ka san jibi akwai gwaji ko?" Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, jami'o'i suka kwashe darussa zuwa Zoom da Teams da Moodle da Canvas cikin 'yan makonni. Lacca ta koma intanet, mai tunatarwa na bakin ƙofa kuwa bai biyo ta ba. Aikin da yake yi kyauta, yanzu ɗalibi ne zai yi wa kansa.

Babban rami shi ne laccar da aka naɗa. Tunda tana nan a ajiye, zuciya sai ta ce a bari sai dare, dare ya ce sai ƙarshen mako. Yi lissafin: kwas biyar, kowanne awa uku a mako, awa 15 ke nan. Ka yi sake na mako biyu, bashin awa 30 ya hau kanka, ga sababbi suna zuwa, ba a ma zo maganar jinga da karatun littafi ba, alhali jami'o'i da yawa suna ƙiyasta awa biyu na karatun kai a kan kowace awa ɗaya ta aji. Maganin ba wani boyayyen abu ba ne, sai dai yana da wuyar bi: kalli laccar a daidai lokacin da jadawali ya sa ta, kamar malamin na tsaye yana jiranka. In ta kuɓuce, kada a kwana biyu ba ka biya ta ba.

Ƙara gudun bidiyo yana da amfani, amma da iyaka. Laccar minti 50 a gudun ɗaya da rabi takan dawo minti 33. Ga bita, ko ga malami mai jan magana, babu laifi. Ga kwas ɗin da ake warware lissafi layi bayan layi kuwa, yaudarar kai ce, ido yana bi, ƙwaƙwalwa an baro ta a baya. Can sai ka tsayar da bidiyon kafin malam ya rubuta mataki na gaba, ka gwada da alƙalaminka, sannan ka saki ka gani. Da an gama, rufe kwamfutar ka rubuta abin da ka iya tunawa ba tare da leƙa takarda ba. Binciken da Roediger da Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Minti biyar ya isa.

Sai batun intanet. Hoto ne ke cin data, murya ba ta cin komai. Bidiyon da ke jan megabit ɗaya a sakan yana lashe megabait 450 a awa guda, murya zalla kuwa ba ta kai megabait 40 ba. Allon da malami ke nunawa shi ma marar nauyi ne, tunda rubutu ne a tsaye. Saboda haka idan magana ta fara tsinkewa, kashe kyamararka tukuna, sannan ka tsayar da bidiyon sauran mahalarta, ka bar murya da allon malam. Wanda ke da halin jona kwamfuta da kebul kai tsaye daga na'urar intanet, ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, musamman ranar jarrabawa. Amsa-kuwwar nan mai kashe kunne kuma, galibi na'ura biyu ne suka shiga aji ɗaya daga ɗaki ɗaya, ko makirfo ke sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Abin sawa a kunne yana kashe wannan rigimar.

Inda aka fi asarar maki a banza shi ne wajen miƙa aiki. Wa'adin 11:59 na dare da agogon da aka saita shafin kwas a kai yake tafiya, don haka wanda ke zaune a wata ƙasa ya duba saitin lokacinsa tun makon farko. A Moodle, malami na iya tsara jinga ta yadda ɗora fayil bai wadatar ba, sai an sake danna maɓallin miƙawa, in ba haka ba aikin na nan a matsayin daftari, kai kana barci da tunanin ka gama. Wayar iPhone kan ajiye hoto a tsarin HEIC wanda ba kowane shafi ke karɓa ba, hotuna goma na takardar amsa kuma na iya zarce nauyin da aka yarda. A haɗe su su zama PDF guda, a buɗe a tabbatar kowane shafi na karantuwa kuma ba a juye yake ba, a ɗora da sauran awa ɗaya aƙalla, a ɗauki hoton allon da ke nuna an karɓa, da lokacin a jiki. Wannan hoton ne shaidarka ranar da aka ce ba a ga aikinka ba.

Jarrabawa mai ƙidayar lokaci tana da nata tarkon. Agogonta a can wajen jami'a yake bugawa, ko intanet ɗinka ya ɗauke ba ya tsayawa. Idan za a yi amfani da manhajar sa ido irin Respondus ko Proctorio, girka ta kwana biyu kafin ranar ka yi gwajin share fage, domin sabuntawa da neman izinin kyamara na iya cinye rubu'in awa. Kada ka ba taga baya, fuskarka za ta yi duhu manhajar ta sa maka alamar tuhuma. In abu ya lalace ana tsaka da rubutu, hoton allo da imel nan take, ba gobe ba.

Gajiyar da ake ji bayan awa huɗu a gaban kyamara ba lalaci ba ce. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu a 2021: fuskoki dab da ido suna kallonka, ganin kanka kamar a madubi, zama wuri guda ba motsi, da wahalar karanta alamun jiki ta allo. Na biyun ya fi sauƙin magani, akwai maɓallin ɓoye hotonka daga idonka alhali sauran na ganinka.

A ganina, abin da ɗalibai suka fi yin asararsa shi ne lokacin ganawa da malami, wato awar da yake warewa don ɗalibai su zo masa da tambaya. A aji mai ɗaruruwan mutane, sau da yawa malamin na zaune a Zoom shi kaɗai a wannan awar, ba wanda ya leƙo. Shiga da tambaya takamaimai, "na tsaya a mataki na uku na tambaya ta biyar", ka ga yadda za a warware maka cikin minti goma. Haka ma imel: lambar kwas a kan saƙo, cikakken suna da lambar ɗalibi a ciki, tambaya ɗaya tak. Mai koyar da mutum ɗari huɗu ba shi da lokacin binciken wane ne ya rubuto "Malam ban gane ba".

Sannan ka nemi mutum uku ko huɗu a kowane kwas, ku tsayar da awa ɗaya a mako ku haɗu, ko da kowa zai yi shiru ya yi nasa karatun. Babban zauren 'yan aji mai mutum ɗari uku jita-jita ta fi yawa a cikinsa, duk sanarwar da aka jefo can sai an koma shafin kwas an tabbatar. Ku tuna Zoom na kyauta yana katse taro a minti 40, asusun da jami'a ta ba ku yawanci ba shi da wannan iyakar, da shi za ku riƙa buɗe taron.