Lissafi cikin harshen aro

Sabuwar manhajar lissafin sakandare ta tsaya mini a rai. Tambayoyi sun koma dogayen labarai, kuma dole yaro ya bayyana yadda ya samo amsarsa, irin salon PISA, jarrabawar gwada ɗalibai ta ƙasa da ƙasa, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ta fara a 2000. Manufar mai kyau ce, ban musa ba.

Amma ina da ɗaliba mai warware aljabara cikin ƙiftawar ido idan lambobi ne zalla. Da aka ba ta sakin layi cikin harshen da ba da shi ta tashi ba, haka ta yi ta bin kalmomi da yatsa har lokaci ya ƙare. Maki ya tafi, alhali lissafin yana kanta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yanzu ina barin ɗalibaina su fara tattauna tambayar da harshen gida, sannan su rubuta.